Manyan Ramukan Ma'adinai da Tambayar Ayuba

   Karatunmu na yau yana cikin Littafin Ayuba, sura 28. Muna roƙo kowa ya buɗe ya karanta surar dukanta, ayoyi 28 ne kawai. Wanda idonsa ba ya gani sosai kuwa, ya sa yaro ya karanta masa.

Sura ce wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba, mai yiwuwa domin maganar masu haƙar ma'adinai take yi. Ta ambaci azurfa, da zinariya, da baƙin ƙarfe, da tagulla. Ta kuma nuna irin wahalar da mutum yake sha kafin ya kai gare su, yadda yake kutsawa cikin duhu, yana fasa dutse, yana tare ruwa, har ya isa wurin da ko tsuntsu bai sani ba. Marubucin bai raina wannan ƙoƙari ba, mamakinsa ma yake yi. Sai a aya ta 12 ya juya ya yi tambaya a kan hikima, yana so ya san ita kuma daga ina ake samo ta. Mu riƙe wannan tambaya a zuciya, mu je mu duba inda haƙar ɗan adam ta kai a zamaninmu, sa'an nan mu dawo gare ta.

Haƙar ma'adinai iri biyu ce. Akwai wadda ake gina rijiya a shiga ƙarƙashin ƙasa, a riƙa bin ma'adinin ta cikin hanyoyi kamar na gara. Akwai kuma wadda ake yaye ƙasar gaba ɗaya daga sama, a yi ta kwasa shekara da shekaru, har wurin ya zama wani ƙaton kwano a buɗe yana kallon sararin sama. Wannan ta biyun ita ce maganarmu ta yau.

Bari mu fara da ƙasar Amurka, a jihar Yuta, kusa da birnin Salt Lake. Akwai wani rami can da ake kira Bingham Canyon, inda ake haƙar jan ƙarfe, wato tagulla. Waɗanda suka san tarihin bishara a ƙasarmu kada su ɗauka sunan Rowland Bingham ne na mishan. Waɗansu samari biyu, wa da ƙane, masu wannan suna ne suka yi kiwo a kwarin a 1848, sunansu ya bi wurin. An fara yaye ƙasa a nan a 1906, har yau kuwa ba a daina ba. Kafin a fara, babban dutse ne a tsaye. Yanzu inda dutsen yake a dā, rami ne mai zurfin fiye da mita 1,200, faɗinsa kuma daga wannan baki zuwa wancan wajen kilomita 4 ne.

Lambobi ba su cika zama a kunne ba, saboda haka bari mu auna da abin da muka sani. Rijiya mai gaba ashirin, kowa ya san ba ƙaramar rijiya ba ce, mai jan guga yakan ji ta a kafaɗa. To, sai an jera irinta fiye da talatin, wata a ƙarƙashin wata, kafin a taɓo gindin wannan rami. Dogon benen nan na Dubai da aka buɗe a 2010, tsawonsa mita 828 ne. Da za a ɗauke shi a dasa a gindin ramin, ƙololuwarsa ba za ta leƙo waje ba, da sauran fiye da mita 300. Da kuma za a shimfiɗa gada daga baki zuwa baki, mai tafiya a ƙafa sai ya yi kusan sa'a guda kafin ya haye.

Yaya ake yin wannan aiki? Ana huda dutse da inji, a cusa nakiya, a fasa. Sai manyan injunan kwasa su ɗebi fasasshen dutsen su zuba a motoci. Motocin nan ba irin tifar da take kawo mana yashi ba ne. Mun san tirelar siminti takan ɗauki buhu 600, wato tan 30. Manya daga cikin motocin da ake aiki da su a irin waɗannan ramuka sukan ɗauki tan 360 a sawu ɗaya, kayan tirela 12 ke nan. Tayarsu guda ta kai tsawon mutum biyu in ɗaya ya tsaya a kan ɗaya, direba kuma da tsani yake hawa. Duk da haka, wanda ya tsaya a bakin ramin ya duba ƙasa, sai ya ga motocin nan kamar tururuwa suna bin juna.

Abin da zai fi ba mu mamaki shi ne abin da ake samu bayan dukan wannan. A cikin dutsen da ake kwasowa a Bingham, jan ƙarfen bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wato in aka cika buhun siminti da dutsen, abin da za a fitar daga ciki bai kai rabin kilo ba. Sai an niƙe dutsen ya zama gari, a dama shi da ruwa da magunguna, a yaɗe abin da ya taso sama, a kai shi wuta a narke. Sauran duka dusa ce, ana tara ta a bayan madatsa. Wannan kuma ban da dutsen banza da ake fara kwashewa daga sama kafin a kai ga mai amfanin. Wani injiniya mai suna Daniel Jackling ne ya nace, tun farkon ƙarni na 20, cewa dutse mai ƙarancin ƙarfe haka zai ba da riba in dai an kwashe shi da yawa ƙwarai. Lissafinsa ya fita daidai, manyan ramukan jan ƙarfe na duniya kuwa shi suke bi har yau. Ramin ya yi girma ne domin abin da ake nema ɗan kaɗan ne, a warwatse cikin abu mai ɗimbin yawa.

Kada mu ce injuna ne suka kawo wannan hali. A garin Kimberley, a Afirka ta Kudu, akwai rami wanda hannu ya haƙa. An ga lu'ulu'u a wani ɗan tudu a 1871, mutane suka yi ca a kansa. Daga nan zuwa 1914, ma'aikata kimanin 50,000, yawancinsu baƙar fata, suka yi ta aiki da diga da shebur. Suka kwashe ƙasa wajen tan miliyan 22, kayan tirela fiye da 700,000 ke nan. Suka bar rami mai faɗin mita 463 da zurfin mita 240. Lu'ulu'un da aka samu daga wannan mahaƙa cikin dukan shekarun nan 43, nauyinsa kilo 2,722 ne. Buhun siminti 55 sun fi shi nauyi. Ma'aikata baƙar fata kuwa an riƙa kulle su a bariki har wa'adin aikinsu ya cika, ana bincike jikinsu kada su fita da ko ƙwaya ɗaya. Dukiyar ta haye teku tun tuni. Ramin yana nan a tsakiyar gari, ruwa ya kwanta a gindinsa, baƙi suna zuwa kallo.

Yanzu ga abin da muke so kowa ya riƙe a yau. Buɗaɗɗen rami ba ya ƙara zurfi sai ya ƙara faɗi. Ba a iya yanka bangonsa a tsaye sak kamar na rijiya, gama dutsen zai rufto a kan masu aiki. Dole a yanka shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa wajen mita 12 zuwa 15 a manyan ramuka, bangon yana jingine baya. Saboda haka duk ranar da masu rami suka ce za su ƙara nitsewa, sai sun koma sama tukuna sun ture bangon baya. Zurfi yana cin faɗi. Abin da yake bakin rami a bana, baɗi yana cikin rami.

Mene ne yakan kasance a bakin rami? Gidajen mutane. A kwarin Bingham akwai gari a dā, wanda a shekarun 1920 mutane wajen 15,000 suke zaune a cikinsa da kewayensa, da shaguna da makarantu da majami'u. Rami ya yi ta matsowa, kamfani ya yi ta sayen gidaje yana rushewa, har a 1971 aka soke garin. Mutanen da suka haƙa ramin, ramin ya ci garinsu.

Haka kuma ya faru a ƙasar Cile, a Amurka ta Kudu. Cikin hamadar Atakama akwai ramin jan ƙarfe mai suna Cukikamata, inda aka fara babban aiki a 1915. Tsawonsa ya fi kilomita 4, faɗinsa kilomita 3, zurfinsa ya wuce mita 800. Kusa da shi an gina wa ma'aikata gari sosai. Tsibin dutsen banza ya yi ta tasowa yana matsar gidaje, ƙura ta dami mutane, har wajen 2007 aka gama kwashe su zuwa birnin Kalama. Babban asibitin garin, inda aka haifi 'ya'yansu da yawa, yanzu yana binne a ƙarƙashin tarin duwatsu.

Na uku yana Jamus, a yammacin ƙasar, ba nisa da birnin Kolon. Can kwal ake haƙa, a wani rami da ake kira Garzweiler. Akwai wani injin kwasa a wurin, ana ce masa Bagger 288, tsayinsa mita 96, tsawonsa mita 220, nauyinsa tan 13,500. An ƙera shi domin ya iya kwashe tan 240,000 a yini guda, kayan tirela 8,000 ke nan. A hanyar wannan rami a dā akwai wani ƙauye mai suna Immerath, mai babbar majami'a da hasumiya biyu, wadda aka gina tun ƙarshen ƙarni na 19. An biya mutanen diyya, an ba su sabon mazauni, har kaburburan iyayensu aka tone aka kai can. A watan Janairu na 2018 aka rushe majami'ar, mutane suna tsaye suna kallo. Mun sani Ikilisiya mutane ce, gini kuwa gini ne kawai. Amma wanda aka yi masa baftisma a wurin, aka ɗaura masa aure a wurin, aka yi jana'izar mahaifiyarsa a wurin, ku gaya mana nawa za a biya shi ya ce ya isa?

Akwai kuma abin da yakan faru bayan an gama aiki. A garin Butte, a jihar Montana ta Amurka, an buɗe wani ramin jan ƙarfe a 1955, aka rufe shi a 1982. Da aka kashe injunan da suke janye ruwa, sai ruwan ƙasa ya fara tasowa a cikin ramin. Ya jiƙa duwatsun da aka fasa, ya zama mai tsami da guba. A 1995 wani garken tsuntsaye irin dinya, masu ƙaura daga arewa zuwa kudu, suka sauka a kansa domin su huta, 342 suka mutu. A 2016 abin ya sake faruwa, a wannan karo dubbai ne suka mutu. Shekara 27 aka yi ana haƙa. Tsaron ruwan da aka bari kuwa ya riga ya wuce shekara 40, ba a kuma ga ƙarshensa ba.

'Yan'uwa, waɗansunmu ba sa bukatar a kai su Amurka kafin su gane wannan. Duk wanda ya bi ta Bukuru, ko Rayfield, ko Barikin Ladi, ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a ƙasar Filato. Ba su kai girman waɗanda muka ambata ba, amma hanyar ɗaya ce, a yaye ƙasa daga sama a kai ga abin da yake kwance a ƙasa. Kamfanonin Turawa sun shigo tun farkon ƙarni na 20. A 1914 jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da ƙasar kuza domin a riƙa fitar da ita. Mutane suka zo aiki daga ko'ina, barikoki suka zama garuruwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi aikin tilas a wuraren haƙar, mutane da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta. Gonakin da aka gada kaka da kakanni aka birkice su. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, abin da ya rage na manyan kamfanoni ya durƙushe. Aka bar ɗaruruwan kududdufai da tuddan jar ƙasa. Gaskiya ne, waɗansu suna noman rani da ruwansu, suna samun dankali da tumatir da kabeji, muna kuwa gode wa Allah. Amma akwai iyaye mata a cikin ikilisiyoyinmu waɗanda yaransu suka tafi wanka a irin waɗannan kududdufai, ba su dawo ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce muna la'antar haƙar ma'adinai. Allah ne ya ajiye waɗannan abubuwa a cikin ƙasa. A Littafin Maimaitawar Shari'a sura 8, baƙin ƙarfe da tagulla suna cikin albarkun da aka lasafta na ƙasar alkawari. Rediyon da kuke jin mu da shi akwai jan ƙarfe a cikinsa. Wayar lantarki, da injin niƙa, da famfon asibiti, da wayar da take aljihunmu, duka sai da shi. Akwai kuma dubban magidanta masu tsoron Allah waɗanda da wannan aiki suke ciyar da iyali, suke biyan kuɗin makaranta, suke ba da baiko. Dukanmu muna cin amfanin waɗannan ramuka. Shi ya sa ya kamata mu san abin da suke ci, da waɗanda suke biya.

To, mu dawo gida, mu duba kanmu. Kowane mutum yana da abin da yake haƙa. Wani kuɗi yake nema, wani matsayi, wani suna, wani kuma ramuwa a kan wanda ya ɓata masa rai. Da fari ramin ƙarami ne, ba ya damun kowa. Amma ka'idar da muka gani a dutse, ita ce a zuciya. Mai neman kuɗi ya ce zai ƙara zurfi kaɗan, sai abin ya ci lokacin addu'ar safe. Ya ƙara kaɗan, ya ci hirar dare da yara. Ya ƙara, ya ci ranar Lahadi. Ya ƙara, ya ci gaskiyar mudu da ta ma'auni. Bai taɓa zama ya ce, zan sayar da gidana da sunana ba. Shi dai zurfi yake nema, faɗin kuwa yana bi a baya. Mai riƙon zuciya ma haka ne. Da mutum ɗaya ya yi faɗa, amma yau ba ya gaida matar mutumin, gobe ya hana 'ya'yansa wasa da nasa, jibi ikilisiya ta rabu biyu.

Ku tuna da labarin Sarki Ahab da Nabot a Littafin Sarakuna na Fari, sura 21. Ahab yana da fāda, yana da mulki, bai rasa kome ba. Laifin Nabot ɗaya ne, gonar inabinsa ta gado tana jikin fādar sarki. A bakin rami take. Sarki ya so ya ƙara faɗi, ƙarshenta aka yi shaidar zur, aka zub da jinin marar laifi, hukunci kuma ya sauko a kan gidan sarkin. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu magana, amma sau da yawa wahalar takan fara sauka a kan maƙwabci kafin ta iso ga mai kwaɗayin. Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, tambayi kanka yau, su wane ne suke zaune a bakin ramina? Matarka ce? Mijinki ne? Yaron shagonka ne wanda ba ka biya shi ba wata uku? Tsohuwar mahaifiyarka ce da take ƙauye tana jiran aike? In ka kai ga abin da kake nema, ka auna shi, zai kai nauyin abin da ka kwashe ka zubar?

Albishirinmu shi ne, rami yakan yi gargaɗi kafin ya rufta. Mu koma Bingham. A farkon 2013, na'urorin da aka kafa domin lura da bangon ramin suka nuna wani gefe yana motsi. Motsi ne kaɗan wanda ido ba ya gani, amma kullum yana ƙaruwa. Shugabannin aiki ba su ce na'ura ƙarya take yi ba. Suka rufe wurin baƙi masu kallo, suka janye kayan da za su iya janyewa, da lokaci ya matso kuma suka fitar da ma'aikata duka. Daren 10 ga Afrilu 2013 bangon ya zube. Dutse da ƙasa kimanin tan miliyan 150 suka gangara cikin ramin, suka binne manyan motoci da hanya. Ko mutum ɗaya bai mutu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mu gwada wannan da abin da ya faru a garin Brumadinyo, a ƙasar Burazil, ranar 25 ga Janairu 2019. Can madatsar da aka tara dusar baƙin ƙarfe a bayanta ce ta ɓalle da tsakar rana. Jiniyar gargaɗi ba ta yi kuka ba. Laka ta malalo ta rufe ɗakin cin abinci inda ma'aikata suke zaune, ta bi gidaje da gonaki. Mutum 270 suka rasa rayukansu.

Allah cikin alherinsa bai bar mu ba tare da masu gargaɗi ba. Ya ba mu lamiri, ya ba mu Maganarsa, ya ba mu Ruhu Mai Tsarki. Ya kuma sa mutane kewaye da mu. Matar da ta ce, maigida, yaran nan sun kwana biyu ba su gan ka ba, gargaɗi take yi. Dattijon ikilisiya da ya ja ka gefe bayan sujada, gargaɗi yake yi. Barcin da ya ƙi zuwa bayan ka sa hannu a takardar da ba ta gaskiya ba, shi ma gargaɗi ne. Mu kuma da muke ganin bangon wani yana motsi, kada mu zama jiniyar da ta yi shiru. Mu faɗa masa cikin ƙauna, tun da sauran lokaci.

Muna da magana kuma ga dattawan garuruwa da shugabannin ikilisiya, musamman inda masu neman ma'adinai suke zuwa da kuɗi a hannu suna neman fili. Kafin a karɓi kome, a zauna a yi tambaya. Ina ramin zai tsaya? Ina za a zuba ƙasar da aka kwashe? Ruwan da mata suke ɗiba, me zai same shi? Ranar da aka gama, wa zai cike ramin, da kuɗin wa? Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta ce mai lasisin haƙa ya yi yarjejeniya da jama'ar wurin kafin ya fara aiki. A nemi a ga takardar, a sa wanda ya san doka ya karanta, a bar mata da matasa su ji abin da yake ciki. Kuɗin fili yakan ƙare cikin shekara biyu ko uku, ramin kuwa jikoki ne za su gaje shi. Inda akwai tsofaffin kududdufai kuma, iyaye da malaman makarantar Lahadi su riƙa ja wa yara kunne. Samarinmu da suke shiga tsofaffin ramuka neman kuza, mu yi musu addu'a, mu kuma taimake su da abin da zai sa su dawo gida lafiya.

Yanzu ga tambayar Ayuba. Mutum ya iya juya dutse ya zama rami mai zurfin mita 1,200, amma a cikin dukan abin da ya kwaso bai taɓa tono hikima ba. Surar ta nuna cewa ba a sayenta da zinariya, ba a kuma musayarta da duwatsu masu daraja. Allah ne kaɗai ya san hanyarta. Amsar tana aya ta ƙarshe, ku karanta da kanku, tana magana a kan tsoron Ubangiji da barin mugunta. Mai tsoron Ubangiji ya san ƙasa ba tasa ba ce, amana ce. Ya san maƙwabcinsa ba dutsen banza ba ne da za a kwashe a zubar. Ya kuma san akwai ranar da ya kamata mutum ya ajiye diga ya ce, ya isa haka. Wasiƙar Yakubu sura 1 ta tabbatar mana cewa wanda ya rasa hikima, in ya roƙi Allah da bangaskiya, za a ba shi. Wanda kuma ya ga ya riga ya yi nisa, ramin ya ci abubuwa da yawa, kada ya fid da zuciya. Yesu Almasihu ya zo ne domin ya nemi ɓatattu ya cece su. Ka tuba yau, ka mayar da abin da za ka iya mayarwa, ka nemi gafarar waɗanda suke bakin raminka, shi kuwa mai aminci ne, zai gafarta maka.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin dukiyar da ka ajiye a cikin ƙasa, da ƙarfi da basirar da ka ba mutum. Ka tsare dukan masu aikin haƙa, na nesa da na kusa, ka komo da su wurin iyalansu lafiya. Ka ta'azantar da waɗanda aka tashe su daga gidajensu, da iyayen da suka rasa 'ya'ya. Ka ba shugabanninmu zuciyar gaskiya a kan maganar ƙasa. Ka nuna wa kowannenmu abin da yake haƙa, ka buɗe kunnuwanmu mu ji gargaɗi, ka koya mana tsoronka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Jama'a masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.